Mahon da Umma Ta Yi wa Tutar Matar Kawu

Matar Kawu ta rasu ranar wata Talata da hantsi, a kan kujerarta ta jikin taga, rediyo yana ta zuba ba mai tanka masa. Da wannan shirun 'yarta ta gane ba lafiya ba tun daga bakin ƙofa, don duk wanda ya san Matar Kawu ya san ba ta barin mai karanta labarai ya kai aya ba ta katse shi ba. Shekarunta tamanin da biyar. Allah ya jiƙanta, ya haskaka makwancinta.

Gidanta na unguwar Deptford a Landan ɗaki biyu ne da falo a hawa na uku, amma ranar da maza suka dawo daga maƙabarta sai da takalma suka yi layi har ƙasan bene. Ni ce mai zagayawa da shayi, don haka kusan duk abin da aka faɗa ya bi ta kunnena. Hajiyar ƙasa, maƙwabciyarta ta hawan ƙasa, 'yar zangon Kumasi mai sayar da kayan miya a kasuwa, tana share hawaye da bakin mayafi tana cewa cikin Hausarsu ta zango, "Wannan mata, shi ne ya koya min faɗa da council, hukumar gidajen nan. Da ni tsoro nake ji. Ya ce min, Hajiya, kai ma mutum ne, ka rubuta musu." Jikoki, waɗanda ake yi wa Hausa su amsa da Turanci, sun cika kicin suna gardamar wanda zai gaji tukunyar miyarta. Wasu tsofaffin Turawa biyu 'yan ƙasarta ta haihuwa suka shigo da huluna a hannu, suka ga kowa a ƙasa suka zauna su ma. Liman ya ɗaga hannu suka ɗaga, aka shafa suka shafa. Tashin ne ya gagare su, sai da aka kama su. Ɗayansu ya ce da ni shekara sittin da ɗoriya suna haɗuwa da ita duk watan Oktoba don tunawa da abin da ya faru a garinsu, kuma bai tuna shekarar da aka watse ba ta yi wa mai jawabi gyara ba.

Wanda ya fi kowa kuka shi ne aminin marigayi Kawu, Likita, wanda ya yi karatunsa a Moscow. Shekara arba'in yana cin abincinta ranar Lahadi suna musu. Na miƙa masa shayi ya kasa riƙewa. Ya ce, "'Yata, yanzu wa zai ce min ƙarya nake yi?"

Mahaifiyata, ƙanwar Kawu, ba ta samu jana'iza ba. An soke jirginta na farko, sai washegari ta iso daga Kano. Na ɗauko ta muka shiga jirgin ƙasa zuwa gidana a Abbey Wood. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta kama hannuna.

"Ke, matar Yaya ta yi maganar ƙyallen nan kafin ta cika?"

"Ba ta yi ba, Umma."

"Ko ga 'yarta?"

"Na tambaye ta. Ta ce ba ta ce komai ba."

Umma ta saki hannuna ta juya tana kallon taga. Can ta ce, "Shekara hamsin ina cewa gobe zan roƙe ta. Da bakinta ta ce ba za ta yafe min ba, kuma ban taɓa jin ta janye ba. Yanzu ta tafi da maganar, ni kuma ga ni ƙafa ɗaya a kabari."

Umma ba matsoraciya ba ce, ta taɓa korar ɓarawo da muciya. Amma haƙƙin wanda ya riga ya kwanta dama ba abin da ake kora da muciya ba ne, kuma ranar na ga tsoro ƙarara a fuskarta.

Bari in koma baya saboda wanda bai san ta ba. Matar Kawu 'yar ƙasar Hungary ce, haifaffiyar birnin Budapest. Ta shigo Ingila a ƙarshen 1956 cikin 'yan gudun hijira, tana da shekara goma sha bakwai, bayan tankokin yaƙin Rasha sun murƙushe boren da mutanen ƙasarta suka yi wa mulkin kwaminisanci. Ɗinki ta iya, ɗinki ta kama. Bayan wasu shekaru Kawu ya zo karatu, ya kai wandonsa shagon da take aiki a rage masa tsawo. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce duk wanda ya ɗinka masa kwat ɗin jikinsa ba ya ƙaunarsa. Kawu ya ce tun ranar ya san ya samu mata, don a Landan kowa murmushi yake masa, ita kaɗai ta faɗa masa gaskiya. Ta musulunta, suka yi aure, suka zauna Kano 'yan shekaru suka dawo. Hausarta ta Kano ce tsaf, sai in ranta ya ɓaci, a nan kam mace da namiji kowa "kai" ne. Sunanta na yanka kuwa ko liman bai cika amfani da shi ba. Mu muka ce Matar Kawu, unguwa ta ɗauka, har mai kawo wasiƙa.

Na zauna a gidanta shekara huɗu lokacin da nake karatun jinya, kuma a nan na fara ganin gidan da ake zaɓe a kan abinci. Duk ranar Asabar za ta tsaya a bakin kicin da ludayi ta ce, "Masu tuwo su ɗaga hannu. Masu taliya su ɗaga hannu." Kawu kullum tuwo da miyar kuka yake zaɓa, kullum yara su kayar da shi, ya ce an yi maguɗi. Ita kuma ta ce ya kai ƙara. Ranar Lahadi ce kawai babu zaɓe, ranar miyar ƙasarsu ce, ta naman sa da wani jan barkono mai kyan gani wanda ba ya cizo. Da tuwon shinkafa take haɗa ta. Kawu yana da ƙullin yaji a aljihun rigarsa, yana barbaɗawa in ta juya baya. Ta sani sarai, ita ce ma take cika masa ƙullin in za ta yi wanki.

Maganarta ɗaya ce, mun ji ta har mun haddace: "A tambaye ni. Ko alheri za a yi min, a tambaye ni." Wata shekara muka ga kujerarta ta lotsa, muka haɗa kai muka sayo mata sabuwa ba ta sani ba. Ta zagaye ta sau biyu kamar mai duba akuyar layya, ta ce a mayar. Muka mayar muna ƙunƙuni. Mako na zagayowa ta ce in raka ta kanti, ta zauna a kan kujeru bakwai, ta zaɓi wadda muka mayar ɗin. A kanta ta cika.

Ranar zaɓen ƙasa kuwa sallarta ce ta uku. Za ta ci ado da leshi, ta bi gidajen bene ƙofa ƙofa tana ƙwanƙwasawa. Ba ta taɓa gaya wa kowa wanda zai zaɓa ba, amma kaito ga wanda ta samu a kwance. Ni ma na taɓa shan nawa. Na dawo daga aiki a gajiye na ce mata, "Matar Kawu, ni fa siyasa ba ta dame ni ba." Ta ce, "'Yar nan, siyasa ba ta jiran ki damu da ita. Ni ma allura da zare kawai na sani ranar da ta zo ƙofar gidanmu a kan tanka. Sa takalminki." Na sa.

Musunta da Likita kuwa, in aka ce abu ɗaya suka shekara arba'in suna ja, ba a yi ƙarya ba. Shi abin da aka koya masa a Moscow shi ne, abin da ya faru a Budapest ba boren talakawa ba ne. Tsofaffin masu gonaki ne da 'yan jari-hujja, Amurka ta zuga su, sojan Rasha ya shigo ya ceci ma'aikata. Yakan faɗi haka a natse, yana naɗe hannun riga zai kai loma.

Ita kuma ta ajiye ludayi. "Likita, kai a littafi ka karanta, littafin ma wanda mai tankar ya rubuta. Yayana a masana'antar ƙarfe yake aiki. Jari-hujjarsa keke ɗaya ne, shi ma ba birki. Abokan aikinsa ne suka ɗaga hannu suka zaɓe shi ya wakilce su. Ba su ce a mayar wa masu kuɗi da masana'anta ba. Cewa suka yi, tunda an ce tamu ce, to a sakar mana mu riƙe. Suka ce sojan Rasha ya koma gidan ubansa, a yi zaɓe mai jam'iyya fiye da ɗaya, a rufe gidan da ake kai mutum ya dawo ba farce. Gwamnatin ma'aikata ta harbe ma'aikata, kai kana kiran wannan ceto?"

Wata Lahadi Likita ya zo da abin da yake ganin ba ta da amsarsa. Ya ce, "To mutanen da 'yan borenku suka rataye a bishiya fa? Na ga hotuna."

Kawu ya sunkuyar da kai yana wasa da tuwo. Matar Kawu ta dubi Likita. Ta ce, "Gaskiya ne. Ni ba a hoto na gani ba. 'Yan sandan ciki ne. Wasu sun azabtar da mutane, wasu wataƙila takalmi irin nasu kawai suka sa. Har yau ina ganin ɗaya daga cikinsu, yaro ne. Ban ce maka mu mala'iku ba ne. Amma wanda ya yi wancan ya yi laifinsa, ba shi ya sa gari guda ya fito ba." Sannan ta ɗauki ludayi ta ƙara masa nama. Tun ranar na ƙara ganin girmanta, don na san mutane da yawa masu gaskiya, amma kaɗan ne ke yarda da gaskiyar abokin musu alhali tana yi musu zafi.

Kada a ɗauka ɗaya ɓangaren ya tsira. Wani ɗan takara ya taɓa ƙwanƙwasa mana ƙofa yana neman ƙuri'a. Da ya ji daga inda ta fito sai ya washe baki ya ce ai su jarumai ne, sun yi yaƙi don irin rayuwar Yamma. Ta ce masa, "Rediyonku ya yi ta ce mana mu daure, taimako na tafe. Muka daure. Ku kuna can kuna jefa wa Masar bom. Ba donku muka fito ba, kuma ba ku zo ba." Bawan Allah ya sauka bene har yana mantuwa da takardunsa. Kawu yana daga ciki yana dariya, ya ce shi kam ba ruwansa, a lokacin su a Kano labarin Masar kawai suke ji, bai san akwai wata ƙasa Hungary ba sai da wandonsa ya yi masa tsawo.

Bayan mulkin kwaminisanci ya rushe, Likita ya zo wata Lahadi a sanyaye ya ce, "To, wataƙila an yi kuskure." Ta ce, "Wa ya yi? Faɗi sunansa." Bai faɗa ba, ba ranar ba, ba bayanta ba. Ita ma ba ta fasa ajiye masa ƙashi mai ɓargo ba.

Labarin tuta sau ɗaya ta ba ni, wata rana da azahar ina riƙe mata yadi tana yanka. Ta ce a masana'antar da take koyon ɗinki tutocin gwamnati suke yi. Tutar ƙasarsu ja da fari da kore ce tun kaka da kakanni, 'yan kwaminis suka zo suka ɗora tambarinsu a tsakiya, guduma da zangarniyar alkama da jan tauraro. Ranar da gari ya tashi, mutane suka fara yanke tambarin suna barin huji. Ita ma ta ɗauki wata 'yar ƙarama, ba ta fi ɗankwali ba, ta sa almakashi. Ta ce da'irar ta fita daidai, don ko ana tashin duniya ba za ta yi karkataccen yanka ba. Ta ba yayanta ya ɗaura a kekensa.

Ba a cika mako biyu ba tankoki suka dawo. Da abin ya yi tsanani, yayan ya kwance tutar ya ƙunshe mata burodi da albasa a ciki, ya sa ta a jirgin ƙasan da ke nufar iyaka. Ta ce ya hau su tafi. Ya ce ba zai bar mutanen da suka ɗaga masa hannu ba, ta yi gaba yana nan tafe. Bai taho ba. An kama shi, aka rataye shi, ita kuma sai bayan shekaru ta samu labari a wata wasiƙa da mahaifiyarsu ta rubuta a kaikaice. Hotonsa ma ba ta da shi, tutar ce kaɗai abin da hannunsa ya taɓa.

Na ce, "Me ya sa da kuka yanke tambarinsu ba ku sa naku ba?"

Ta ce, "Ai ba mu kai ga shawara ba. Wasu na son wannan, wasu na son wancan. Hujin cewa yake yi, tukuna, sai an tambaye mu."

Na ce ta nuna min tutar. Ta ci gaba da yanka yadinta ta ce, "Tambayi uwarki."

Abin da ya haɗa ta da Umma na ji shi daga bakin Kawu da na Umma, kuma sun yi daidai. Lokacin da aka haifi autar Kawu, taubashiyata, kakarmu ta ce Baturiyar nan ba ta da uwa a kusa, ba za a bar ta ta yi jego kamar marainiya ba. Aka turo Umma daga Kano. Ta zo da kanwa da gero da yajin jego, ta dafa ruwa a manyan tukwane har bangon banɗaki ya fara zufa. Matar Kawu ta nemi a yi zaɓe a kan wankan ruwan zafi, Umma ta ce wannan ba a zaɓe a kansa. Ta daure ta yi, ta sha kunun kanwa tana yamutsa fuska, kuma daga baya ta sha faɗin cewa tun da ta baro mahaifiyarta ba wanda ya kula da ita irin kulawar kwana arba'in ɗin nan. Sun shaƙu sosai. Umma na kiranta matar Yaya, ita kuma tana kiran Umma uwar mijina ƙarama.

Ana saura kwana biyu Umma ta koma, ta shiga gyaran gida na ban kwana. A ƙasan wata durowa ta ci karo da ƙyalle mai launi uku, ya yi dauɗa, ga ƙaton huji a tsakiya. Ta ɗauka mayafin tebur ne dutsen guga ya ƙone. To a gidanmu ba a barin yagaggen abu a ajiye, abin kunya ne. Kuma ba za ka ɗauki tsumman matar yayanka ka je ka nuna mata ba, ka kunyata ta. Tarbiyyar da aka yi wa Umma ita ce ka gyara shiru, kada ma a san kai ne. Ta wanke shi tas da sabulu. Ta ɗauko sabuwar atamfarta da ko ɗinkawa ba ta yi ba, mai zanen kaza da 'yan tsakinta, ta yanko daidai inda kazar take, ta yi masa maho da baƙin zare. Ta goge, ta shimfiɗa a tebur, ta ɗora butar shayi da farantin cincin a kai, ta koma gefe tana jiran a yaba.

Matar Kawu ta fito da jaririya a kafaɗa. Kawu ya ce bai taɓa ganin fuskar mutum ta yi fari irin haka ba. Ta miƙa masa jaririyar, ta sauke butar a hankali, ta ɗaga ƙyallen ta kai hancinta. Ƙamshin sabulu ne kawai.

"Kai," ta ce da Umma, "wa ya tambaye ka?"

Umma ta ce, "Gyara miki na yi, matar Yaya."

"Su ma haka suka ce. Don amfaninmu suke yi."

Da Umma ta yi shiru a nan da abin ya zo da sauƙi. Amma ita ma da nata zafin kan, ga atamfarta ta yanka. Ta ce, "Haba, a kan tsumma?"

Matar Kawu ta ninke tutar ta ce, "Ba zan taɓa yafe maka wannan ba." Ta shiga ɗaki ta rufe. A hanyar filin jirgi Kawu ya ba Umma labarin yayan da keken da burodin. Umma ta ce tun daga Landan har Kano kuka take yi, har wata mata a jirgi ta yi mata ta'aziyya.

Abin mamaki, ba su yi gaba ba. Da sanyi ya shigo Matar Kawu ta saƙa wa Umma rigar sanyi ta aika. Umma ta aiko da daddawa da kuka. Suka ci gaba da aike, suka yi aikin hajji shekara ɗaya a ɗaki ɗaya, suka aurar da mu tare. Da waya ta samu, duk Juma'a sai sun yi hira, suna zagin gwiwoyinsu da 'yan siyasar ƙasashe uku. Amma tutar ba wanda ya ƙara gani, kuma ba wadda ta ƙara ambatonta. Na sha ce wa Umma ta buɗe baki ta roƙi gafara. Sai ta ce, "In na tayar da zancen na fama mata ciwo. Bari dai sai na zo." In ta zo kuma sai ta ce bari sai za ta tafi. Ni a ganina Matar Kawu jira take a tambaye ta, Umma kuma kunya ta hana ta tambaya, kowacce tana bin tarbiyyarta har shekara hamsin ta wuce. Ina jin haushinsu su biyun a kan wannan, kuma ina sonsu su biyun.

Ranar sadakar bakwai mata suka taru a gidan don raba kayan sawarta sadaka, tunda hukumar gidaje ta ba mu 'yan makonni mu kwashe. Umma tana zaune a gefen gado, kwana shida ke nan ba ta cin abincin kirki. Ana fito da zannuwa tana bin kowane ƙulli da ido. Aka gama durowa, aka gama akwatuna, babu tuta. Umma ta ce a hankali, "Ta jefar da ita. Na ɓata mata ita, ta jefar."

Hajiyar ƙasa ce ta ce a duba keken ɗinki kafin a saukar da shi. Taubashiyata ta ɗaga murfin, sai ga wani abu a naɗe cikin farar takarda, a inda hannu ke kaiwa kullum. Ta warware a kan gado. Ja, fari, kore, sun koɗe, ga kaza da 'yan tsakinta a tsakiya suna nan daram. Jikoki suka fashe da dariya, uwarsu ta harare su.

Umma ta ce a miƙo mata tabarau. Ta jawo tutar kan cinyarta ta bi bakin mahon da yatsa. Ta daɗe tana dubawa.

"Wannan ba hannuna ba ne," in ji ta.

Muka matso. Baƙin zaren Umma, wanda ta ce ta yi shi manya-manya don tana sauri, babu shi ko ɗaya. An warware shi duka. An yi wa mahon kalmasa a kewaye, an mayar da shi da farin zare, ɗinki ƙanana a jere irin wanda duk unguwar ta san mai shi. Kuma ta sama kawai aka kama shi. Ta ƙasa an sa ɗan maɓalli da zaren maƙala shi, wurin har ya yi duhu don yawan taɓawa.

Umma ta ɓalle maɓallin ta ɗaga kazar. Hujin yana nan a ƙarƙashi, da'irarsa daidai kamar ranar da aka yanka. Ta ɗaga tutar da hannu biyu ta leƙo mu ta cikinsa, ido ɗaya da rabin tabarau. Sai ta fara dariya, dariyar ta koma kuka, kukan ya sake komawa dariya, har Hajiyar ƙasa ta riƙe ta.

"Ja'irar mata," in ji Umma. "Ba ta bar hujinta ba, ba ta yar da kazata ba. Ta yafe, amma sai da ta gyara min ɗinki." Ta share ido ta ce, "Ke, akwai sauran tuwon nan?"

Taubashiyata ta durƙusa ta ce, "Gwaggo, ki tafi da ita Kano. Ke kika fi kowa haƙƙi a kanta."

Umma ta miƙa hannu har ta taɓa, sai ta janye. Ta ce, "A'a. Na yi sau ɗaya, ba zan ƙara ba. A kira kowa a tambaye shi."

Aka kira jikoki daga kicin, aka kira Likita daga falo. Taubashiyata ta tsaya da ludayin mahaifiyarta ta ce masu Kano su ɗaga hannu. Umma ta ɗaga, ita kaɗai. Masu cewa ta zauna a Landan, a riƙa kai wa tsofaffin nan ita duk Oktoba, su ɗaga hannu. Kowa ya ɗaga. Likita ya dubi hujin, sannan ya ɗaga nasa har sama. Umma ta faɗi zaɓe warwas, ta ce an yi maguɗi, ta cinye tuwonta malmala biyu.

Tutar tana hannun taubashiyata yanzu, ni ce zan raka ta taron Oktoba. Matar Kawu ta yi shekara tamanin da biyar tana neman a tambaye ta, sau da yawa ba a yi ba. Yanzu ta je inda ba a tsallake kowa. Allah ya ba ta ikon amsawa, ya haɗa ta da Kawu a gidan rahama, mu kuma ya ba mu bakin neman gafara tun masu yafewa suna ji.